Taskar binciken ma'adinai ta gwamnatin Amurka: abin da na samu a cikinta

Duk wanda abincinsa yake a ramin haƙar ma'adinai, ko a wurin fasa dutse, ko a ɗakin gwajin da ake tace ƙasa a fitar da abin da ke cikinta, akwai wata hidima da nake so ya san da ita, domin kyauta ce, kuma har yau ban ga wadda ta kama ƙafarta ba. Ina nufin rahotannin binciken da gwamnatin Amurka ta yi a kan tsaron masu haƙa, da kwal, da sarrafa ma'adinai, waɗanda yanzu suke zube a intanet kowa ya ɗiba. Mafi yawansu na tsohuwar hukumar nan ce mai suna Bureau of Mines, wadda ta yi aiki daga 1910 zuwa 1996. Sababbin kuma na sashen ma'adinai ne na NIOSH, hukumar binciken lafiya da tsaron ma'aikata ta Amurka, wanda ya gaji ɓangaren lafiya da tsaro bayan an rufe ta farkon. Ni aikina kula da tsaron ma'aikata a wata mahaƙar dutse, kafin nan kuma na zauna a ɗakin gwajin ma'adinai, don haka ta fuska biyu na ci moriyarsu.

Sai an san abin da ya haifi hukumar sannan za a gane irin rubutun da ta bari. A shekarar 1907 kaɗai mutum 3,242 suka mutu a mahaƙun kwal na Amurka. Ranar 6 ga Disamba na wannan shekara ramin Monongah da ke jihar West Virginia ya yi bindiga, alƙaluman hukuma suka ce mutum 362 ne suka rasu. Ba a rufa mako biyu ba ramin Darr a Pennsylvania ya ci mutum 239. A 1909 kuma gobara ta tashi a ramin Cherry na jihar Illinois ta hallaka 259. Shi ne majalisar dokokin ƙasar ta kafa hukumar a 1910, aka ba Joseph A. Holmes shugabancinta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da farko hukumar ba ta da ikon tilasta wa kowa komai. Ko shiga ramin kamfani don dubawa ba ta samu ikon yi ba sai a 1941. Makaminta guda ɗaya ne, gwaji da hujja. A ganina wannan ne ya sa rahotanninta suke yadda suke. Wanda ba shi da bulala a hannu dole ya baje komai a faifai: ga kayan da aka yi gwajin da su, ga yadda aka jera su, ga abin da ya fito, ga gwajin da ya ƙi ci. Takardar kamfanin da ke sayar da kaya ba ta taɓa gaya maka inda kayansa suka gaza. Waɗannan suna gaya maka, kuma nan ne darajarsu take.

Samunsu ba wuya idan an san tsarinsu. Kashi uku ne manya. Akwai masu alamar RI, su ne rahoton gwaji guda da sakamakonsa. Akwai masu alamar IC, su kuma bayani ne da tattara abin da aka riga aka sani, sun fi sauƙin karantawa. Sai manyan kundaye masu alamar Bulletin. Kowane yana da lambarsa, kuma da lambar aka fi saurin samunsa. Na tsaro da lafiya suna shafin NIOSH da taskar CDC Stacks, tsofaffi kuma da yawa suna HathiTrust da taskar intanet ta Jami'ar North Texas. Tunda aikin gwamnatin tarayyar Amurka ne, babu haƙƙin mallaka a kansu, kana iya bugawa ka raba wa ma'aikata.

Zan fara da maganar ƙurar kwal, duk da cewa mu ba kwal muke haƙa ba, saboda a nan na ga ƙarfin taskar da kuma inda mai karatu zai yi hattara. A farkon ƙarni na ashirin masu ramuka da yawa sun kafe cewa iskar gas ce kaɗai take fashewa, ƙura ba ta da laifi. Hukumar ba ta tsaya jayayya da su ba. Ta haƙa ramin gwaji nata na kanta a Bruceton, kusa da birnin Pittsburgh, a watan Oktoba na 1911 ta tara jama'a ta tayar da ƙurar kwal zalla a gabansu, sannan aka sake nuna irinsa a cikin wani dogon bututun ƙarfe a filin wasa na Forbes, shugaban ƙasa Taft yana zaune yana kallo. Gani ya kori ji. Yadda abin yake faruwa kuwa, iskar metan tana kama wuta idan ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar rami. Ko da 'yar kaɗan ce ta kama, ƙarfin fashewar yana gaba yana tayar da ƙurar da ta kwanta a ƙasa da jikin bango, harshen wutar yana baya yana lashe ta, ita kuma ta sake tayar da ta gabanta, haka har ƙarshen rami. Maganin da babban injiniyan hukumar George S. Rice ya daɗe yana kira a kai shi ne a baɗe ramin da garin dutsen farar ƙasa, domin idan ƙurar ta tashi tare da shi ya shanye zafin, wutar ta mutu a hanya.

Shekaru da dama doka tana cewa a hanyoyin da iska mai kyau take shigowa, kashi 65 cikin ɗari na ƙurar da ke kwance ya zama wanda ba ya cin wuta, a hanyoyin fitar iska kuma kashi 80. Wancan 65 ɗin daga awon da aka yi wa ƙurar ramuka a shekarun 1920 ya samo asali. Da masu binciken NIOSH suka sake ɗibar ƙura daga ramukan wannan zamani, sai suka tarar injinan yanzu suna niƙe kwal ya yi laushi fiye da na da, ƙura mai laushi kuwa ta fi saurin kamawa. Suka yi gwaji a ramin Lake Lynn suka ce 65 ya daina isa. Bayan fashewar ramin Upper Big Branch ranar 5 ga Afrilu 2010, inda mutum 29 suka rasu, hukumar MSHA mai sa ido kan ramuka ta mayar da shi 80 a ko'ina. Tsohon rahoton bai yi ƙarya ba, ya faɗi gaskiyar ƙurar zamaninsa ce, ya kuma rubuta girman ƙwayar ƙurar da ya yi gwaji da ita. Wanda ya tsinci lambar ya tsallake shafin da aka bayyana sharaɗinta, shi ne zai shiga uku. Da wannan idon nake karanta duk wani abu da na sauke daga taskar.

Rahoton da na fi buɗewa shi ne RI 8507 na shekarar 1980, wanda David Siskind da abokan aikinsa suka yi a kan girgizar ƙasa da fasa dutse da nakiya ke jawowa da abin da take yi wa gidaje. Sun auna gidaje 76 a lokacin fashe-fashe 219. Wata rana wani dattijo da ke zaune kusa da mahaƙarmu ya tare ni a bakin ƙofa.

"Injiniya, zo ka ga abin da nakiyarku take yi wa bangona."

"To Baba, mu je in gani."

Tsagar ta taso daga kusurwar taga ta gangara kamar kamu biyu. Ya ce duk sanda muka fasa, har ƙofar ɗakinsa sai ta yi ƙara. Ban musa masa ba, domin rahoton da kansa ya nuna cewa jikin mutum yana jin girgiza tun tana ƙasa sosai da wadda za ta iya tsaga bango, don haka abin da yake ji gaskiya ne. Na sa alama da fensir a bakin tsagar sama da ƙasa, na rubuta kwanan wata a gefe, muka binne na'urar auna girgiza a ƙasa dab da kusurwar gidan da ke fuskantar mahaƙa. Abin da rahoton ya koya mini shi ne kada in dubi ƙarfin girgizar kaɗai, in dubi saurin kai-komonta. Gida yana da nasa kaɗawar, wajen sau 4 zuwa 12 a daƙiƙa. Idan girgizar ƙasa ta zo a wannan sauri, gidan yakan amsa mata ya ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa suka ba da iyaka hawa-hawa: rabin inci a daƙiƙa ga tsofaffin gidaje masu shafen filasta idan kai-komon yana ƙasa, kashi uku cikin huɗu na inci ga na zamani, sai inci 2 idan kai-komon ya haura 40 a daƙiƙa. A ma'aunin milimita wannan ya kama kusan 13, da 19, da 51.

Amma gidajen da suka auna galibinsu na katako ne irin na Amurka. Bangon dattijon nan ba na katako ba ne, kuma babu inda rahoton ya yi da'awar ya san kowane irin gini. Saboda haka muka ɗauki mafi ƙanƙantar iyakarsu muka sauka ƙasa da ita, muka rage nauyin nakiyar da ke tashi a lokaci guda ta hanyar raba ramukan da ɗan jinkiri tsakaninsu. Dutsen da ake fasawa bai ragu ba, bugun ne ya rarrabu. Duk bayan fashi nakan je mu duba alamar fensirin tare da shi, in nuna masa abin da na'urar ta rubuta. Da ba don rahoton ba, da abin da zan iya ce masa kawai shi ne ya yi haƙuri, kuma bai zo wurina don neman haƙuri ba.

Ɓangaren sarrafa ma'adinai shi ne wanda mutane suka fi mancewa da shi, alhali hanyoyi da dama da ake fitar da zinari da su yau a duniya hannun hukumar yana ciki. A farkon shekarun 1950 wani ma'aikacinta, J. B. Zadra, ya fito da yadda za a ƙwato zinari daga jikin gawayin da ya tsotse shi: a bi ta kan gawayin da ruwan soda mai zafi da ɗan sayanaid, wani sinadari mai narkar da zinari, sannan a sa wutar lantarki ta ɗora zinarin a kan soson ƙarfe. Gawayin kuma a sake mayar da shi aiki, ba a ƙone shi ba. Har yanzu da sunansa ake kiran hanyar. Daga ƙarshen shekarun 1960 kuma masu binciken hukumar suka yi ta aiki a kan jiƙa tarin dutse, wato a tara dutsen da zinarinsa bai kai a kai shi injin niƙa ba a kan shimfiɗar da ba ta yoyo, a riƙa yayyafa masa ruwan sayanaid mai rauni, a tare abin da ya tsatso ta ƙasa. A jihar Nevada aka fara yin sa a kasuwance. Matsalar da ta biyo baya ita ce laka da garin dutse suna toshe hanyar ruwa, ya bi gefe guda ya bar sauran tarin a bushe. A 1979 cibiyarsu ta Reno ta fitar da maganin: a gauraya dutsen da ɗan siminti ko farar ƙasa da ruwa, a juya shi har garin ya manne wa manyan ya zama dunƙule-dunƙule, sannan a tara.

Lokacin da nake ɗakin gwaji, da waɗannan rahotanni muka tsara gwajinmu na bututu. Dogon bututun roba ne a tsaye, a cika shi da dutse, ruwa yana ɗiga daga sama, bokiti yana ƙasa. Wanda ba a dunƙule ba sai ka ga ruwan ya taru a samansa ya ƙi sauka, na kusa da shi da aka sa wa siminti kuwa yana ta ɗiga ba tsayawa. Rahotannin sun faɗi nawa za a zuba, tsawon lokacin da za a bar dunƙulen ya kama jikinsa, da irin dutsen da abin bai yi wa amfani ba. Sai dai in ja kunne da babbar murya: sayanaid guba ce mai kisa nan take. Dole ruwan ya zauna da isasshiyar farar ƙasa, ma'aunin tsaminsa ya tsaya wajen 10 zuwa 11, in ya sauka sai ya fara sakin iska mai kisa. An rubuta waɗannan takardu ne don masu horo da ɗakin gwaji da kayan kariya. Sauƙin samunsu a waya bai mayar da aikin abin yi a bayan gida ba.

A cikin sababbin abubuwan NIOSH, wanda ya fi taɓa ni shi ne dabarar ɗaura 'yar kyamara a hular kwanon ma'aikaci, a rataya masa na'urar auna ƙura, sannan a haɗa hoton da awon a wata manhaja ta kyauta mai suna EVADE. Kana kallon abin da mutum yake yi, a gefe kuma layin ƙurar yana hawa yana sauka. Mun ari na'ura muka gwada da mai kula da injin niƙa dutse. Kowa ya ɗauka a bakin injin ne zai fi shaƙa. Yana shaƙa a can, ba shakka, amma layin ya fi yin tsalle a wurare biyu da babu wanda ya kawo a ransa: sanda ya tsaya ya kakkaɓe rigarsa da safar hannu, da sanda ya faɗa kan kujerar yadi a ɗakin hutu, ƙurar da ta daɗe tana taruwa a cikinta ta tashi daidai hancinsa. Da muka nuna masa, shiru ya yi yana kallo, can ya ce a sake mayar masa da wurin. Mun canja kujerun zuwa masu goguwa, mun hana share busasshiyar ƙasa da tsintsiya, mun hana hure tufafi da tiyon iska. Ƙurar silika, wadda ke fita daga dutse da yashi, ba ta yin bindiga kamar ta kwal, a hankali take cin huhu shekara da shekaru, kuma idan ta ci babu gyara. A 2024 MSHA ta fitar da dokar da ta sauko da iyakarta zuwa maikirogiram 50 a kowace kubik mita ta iska, kuma binciken NIOSH yana cikin abin da aka jingina da shi.

Taskar tana da nata wahalhalun. Na farko shi ne ma'auni. Komai da inci ne da ƙafa da fam da galan. Tan ɗinsu fam 2,000 ne, wato kilo 907, ba 1,000 ba. Galan ɗinsu bai kai lita 4 ba, 3.785 ne. Idan sun ce oza ɗaya na zinari a tan, to giram 34.3 ke nan a tan na kilo dubu. Wanda ya yi sakaci a nan zai zuba magani fiye da kima ko ya ƙiyasta arzikin da babu shi. Ni na manna takardar juya ma'auni a bangon ofis, kuma ba na yarda da lissafin kowa, har nawa, sai an sake bi. Na biyu, tsofaffin rahotannin hoton takarda ne aka ɗauka, wasu zane-zanen sun dushe, ƙananan lambobin cikin jadawali sai ka faɗaɗa su sosai kafin ka bambance 3 da 8. Turancin ma na injiniyoyi ne, ba za ka miƙa wa mai riƙe da injin huda dutse ka ce ya karanta ba, sai ka zauna ka fitar masa da abin da ya shafe shi da bakin da yake ji. Sannan duk abin da ya shafi lafiyar jiki a tsofaffin takardun, kada a ɗauki iyakarsa. A da ƙirga ƙwayoyin ƙura suke yi a madubin likita, yanzu nauyinta ake aunawa. Ko iyakar ƙurar kwal da dokar 1969 ta kawo bayan mutuwar mutum 78 a ramin Farmington a 1968, ta sauka daga miligiram 3 a kowace kubik mita ta iska zuwa 2 a 1972, ta sake sauka zuwa 1.5 a 2016. Dokokin da ake ambata a ciki kuma na Amurka ne, kowa ya nemi na ƙasar da yake aiki.

Abin da ya fi ba ni takaici ba laifin taskar ba ne. Da majalisa ta yanke shawarar rufe hukumar a 1995, aka rarraba gadonta: tsaro da lafiya suka ƙare a NIOSH a Pittsburgh da Spokane, ƙididdigar ma'adinai ta koma hukumar binciken ƙasa ta USGS, cibiyar Albany ta jihar Oregon ta koma ma'aikatar makamashi. Amma jerin rahotannin tace ma'adinai irin na Reno ya tsaya. Mai neman sabon abu kan hana rufin rami ruftawa ko kan ƙura zai samu, mai neman yadda zai tace wani dutse mai taurin kai kuwa, yana isa 1996 zai ga hanya ta ƙare, daga nan sai mujallun da ake biya da takardun kamfanoni masu sayar da magunguna.

Ga wanda yake mahaƙar dutse ko injin niƙa, shawarata ya fara da kundin NIOSH na daƙile ƙura a wuraren haƙa da sarrafa ma'adinan masana'antu, bugu na biyu na 2019. Yana da hotuna da zane masu kyau, an raba shi bisa sassan aiki, daga huda dutse zuwa bel ɗin ɗaukar kaya zuwa ɗura buhu, kana iya ɗaukar babin da ya shafi wurinka kaɗai. Mai fasa dutse kusa da gidajen mutane ya haɗa RI 8507 da ɗan'uwansa RI 8485, wanda ya yi magana kan bugun iskar da ke girgiza tagogi, domin sau da yawa shi ne maƙwabta suke ji su ɗauka ƙasa ce ta motsa.